Tagwaye Masu Manne ta Gadon Baya: Aikin Rabawa da Jinyar da ke Biye da Shi



An nemi in yi magana a kan tagwayen da ake haifa manne da juna, musamman waɗanda suka haɗu ta ƙarshen ƙashin baya, da yadda likitoci ke raba su, da irin kulawar da suke bukata. Na san yawancinku ba likitanci kuke karantawa ba. Akwai masu karatun shari'a, da na tattalin arziki, da na aikin jarida, akwai kuma waɗanda suka riga suka kama aikin gwamnati. Saboda haka zan kauce wa yaren likitoci sai inda ya zama tilas. Maganar kuwa ta shafe ku, domin rabin abin da zai sami irin waɗannan yara a kan teburin likita ake yanke shi, ɗaya rabin kuwa a kan teburan da ku za ku zauna gobe.

Mu Hausawa ba baƙin tagwaye ba ne. Mun ajiye musu sunaye tun kafin su zo, Hassan da Husaini, Hassana da Husaina, har wanda ya biyo bayansu ma mun tanadar masa Gambo. Muna kuma da camfe-camfe a kansu, kamar cewa kunama ba ta harbinsu, ko suna iya tura ta ga wanda ya ɓata musu rai. To, idan tagwaye na yau da kullum sun sami wannan matsayi, ku ƙiyasta abin da ake faɗa ranar da aka haifi biyu jikinsu a haɗe. Nan da nan sai a ce iska ce, ko sammu, ko uwar ta fita da almuru tana da ciki. Babu ko ɗaya. Babu wani abinci, ko wata tafiya, ko wani laifi na uwa da aka tabbatar yana jawo wannan.

Ga yadda abin yake. Tagwaye iri biyu ne. Akwai waɗanda suka fito daga ƙwai biyu dabam-dabam, su ne za ka ga mace da namiji, ko ɗaya fari ɗaya baƙi. Akwai kuma na ƙwai ɗaya, wanda bayan ya haɗu da maniyyi sai ya rabu gida biyu. Su ne masu kama kamar an tsaga kara. Masu manne da juna duk daga wannan kashi na biyu suke, shi ya sa ko dai mata biyu ne, ko maza biyu. Bayanin da aka fi koyarwa shi ne, idan ƙwan ya yi jinkirin rabuwa har ya wuce kamar kwana 13, sai rabuwar ta tsaya ba ta kammala ba. Wata likitar fiɗar yara ta Amurka, Rowena Spencer, wadda ta shafe shekaru tana nazarin al'amarin, ta tafi a kan cewa rabuwar takan kammala, daga baya ne 'yan tayin biyu ke sake mannewa tun suna ɗanyu. Ko wanne ne daidai, abin yana aukuwa a makonnin farko, sau da yawa kafin matar ta ma tabbatar tana da juna biyu.

Ba kasafai ake samun haka ba. Ƙiyasin da aka saba bayarwa shi ne sau ɗaya cikin haihuwa 50,000 zuwa 200,000. Kusan rabinsu ba sa zuwa da rai, da yawa daga sauran kuma ba sa wuce kwana ɗaya. Cikin waɗanda suka rayu, mata sun ninka maza kamar sau uku. Waɗanda aka fi samu su ne masu haɗe ta ƙirji, kuma su ne suka fi ba da wahala, domin sau da yawa zuciyarsu ɗaya ce. Akwai na ciki, akwai na ƙugu, akwai na kai. Waɗanda muke magana a kansu yau ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Likitoci na kiransu faigofagus, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin ɗuwawu da kafewa. Sun juya wa juna baya, kowanne da kansa, da hannu biyu, da ƙafa biyu, da zuciyarsa, da hantarsa, da cibiyarsa.

Wanda ya ji wannan sai ya ce ai abin da sauƙi, fata ce da ɗan ƙashi, a sa wuƙa a raba. Don ku ga inda gizo ke saƙa, bari in ɗan bayyana ƙirar wannan wuri.

Gadon bayan mutum jerin ƙasusuwa ne 33. Bakwai a wuya, 12 a bayan ƙirji, biyar a tsatso, sa'an nan biyar da suka narke suka zama faffaɗan ƙashi guda a tsakanin ɗuwawu, sai kuma 'yan ƙanana huɗu a can ƙarshe. A cikin wannan jeri akwai kogo, a cikin kogon akwai laka, wadda ta sauko daga ƙwaƙwalwa, lulluɓe da wani tantani mai cike da ruwa. Lakar ba ta kai ƙarshen kogon ba. A jikin babba takan tsaya wajen farkon tsatso, daga nan sai ta watsu ta zama zarurrukan jijiyoyi masu yawa, waɗanda likitocin dā suka kwatanta da wutsiyar doki, har yau kuma sunan ke nan. Daga waɗannan zarurruka ne saƙo ke zuwa ƙafafu. Daga na can ƙasa kuwa, masu fitowa ta ramukan faffaɗan ƙashin nan, ake sarrafa mafitsara, da naman da ke tsuke dubura, da al'aura. Watau duk abin da ke sa mutum ya riƙe fitsari har ya kai makewayi, ya riƙe bayan gida, ya yi aure ya hayayyafa, a wannan ɗan wuri da tafin hannu zai rufe aka tara shi. A nan kuwa daidai waɗannan yara suka haɗu.

Haɗuwar hawa-hawa ce. Wasu ƙashi kaɗai suka haɗa. Wasu tantanin da ya lulluɓe lakar guda ne, ruwan yana kai da komowa tsakaninsu. Wasu kuma lakar ce da kanta ta sauko daga wannan, ta lanƙwasa, ta hau cikin wancan, babu wata alama da ke nuna inda ta ɗaya ta ƙare ta ɗayan ta fara. Ban da wannan, galibi dubura ɗaya gare su, ko da yake kowanne da hanjinsa. Hanjin biyu ne ke haɗuwa dab da mafita. Idan mata ne, sau da yawa al'aurar ma a haɗe take daga waje.

Kafin mu shiga ɗakin tiyata akwai tambayar da ba a cika yi ba: dole ne a raba su? Ga masu haɗe ta ƙirji sau da yawa tambayar rai ce da mutuwa. Ga waɗannan kuwa tarihi ya nuna suna iya rayuwa a haɗe har tsufa. Millie da Christine McKoy, waɗanda aka haifa cikin bauta a jihar Karolina ta Arewa a Amurka a 1851, sun yi shekara 61 a duniya. Tun suna ƙanana aka sayar da su, aka sace su, aka yi ta yawo da su ana karɓar kuɗin kallo. Da suka girma suka zama mawaƙa, suka iya harsuna da dama, suka zaga Turai. Likitocin da suka duba su sun rubuta cewa idan aka taɓa ƙafar ɗaya, ɗayar takan ji, abin da ke nuna jijiyoyinsu a haɗe suke. Daisy da Violet Hilton, haifaffun Ingila a 1908, sun kai 1969. Rosa da Josefa Blazek na ƙasar Bohemiya, waɗanda aka haifa a 1878, ɗayarsu Rosa har ɗa namiji ta haifa a 1910. Kuma abin mamaki, da wuya a sami tagwaye masu manne da suka girma suka nemi a raba su. Waɗanda aka fi sani su ne Ladan da Laleh Bijani na Iran, masu haɗe ta kai, da suka nace a yi musu aiki a Singafo a 2003 suna da shekara 29, dukansu kuma suka rasu a wajen aikin.

Sai dai zaman haɗen yana da nasa farashi. Jininsu yana gauraya, don haka cutar ɗaya ta ɗayan ce, ajalin ɗaya kuma na ɗayan ne. Tarin fuka ya kama Millie ta rasu a 1912, Christine ta bi ta kafin a kwana biyu. Sa'ad da Josefa ta cika a Shikago a 1922, Rosa ba ta ƙara ko sa'a guda ba. Ga kuma rashin sirri, da zama abin kallo har ƙarshen rai. Ni a ganina, idan bincike ya nuna kowane yaro zai fita da ƙafafu masu aiki, rabawar ita ce daidai. Amma ya kamata likita da iyaye su sani cewa suna yanke hukunci ne a madadin wanda bai iya magana ba tukuna, kuma yaran da aka kawo musu lafiyayyu ne masu shan nono suna wasa. Wanda zai sa wuƙa a jikin lafiyayye nauyin da ke kansa ya fi na wanda ke ƙoƙarin ceton mai mutuwa.

Rabawar kanta ba sabon abu ba ce. A 1689 wani likita mai suna Johannes Fatio ya raba wasu jarirai mata a birnin Basel na Suwizalan, waɗanda suka haɗu ta ɗan siririn nama a wajen cibiya, suka kuma rayu. A ƙasarmu ma an yi tun zamanin Turawa. An haifi wasu a Sakkwato a 1935, haɗe ta ciki, wani likita Bature ya raba su. A watan Yuli 1953 aka haifi wasu 'yan mata biyu a Kano, su ma ta ciki, aka kai su asibitin Hammersmith a Landan, inda Farfesa Ian Aird ya raba su a watan Disamba; ɗaya ta rasu jim kaɗan bayan aikin, ɗayar, Boko, ta dawo gida ta girma. A cikin wannan shekara ta 1953 ne aka raba 'yan gidan Mouton a asibitin Ochsner da ke New Orleans. Su ta ƙarshen gadon baya suka haɗu, kuma dukansu biyu suka rayu, abin da ya buɗe wa likitoci ido cewa irin wannan haɗuwa tana rabuwa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shiri yakan fara tun daga awon ciki, domin hoton ciki na iya nuna tagwaye masu manne tun wajen wata uku. Amfanin sani da wuri ya fi komawa ga uwa. Irin wannan ciki ba a barinsa ya kai ga naƙuda, tiyata ake yi a ciro yaran. Matar da ta shiga naƙuda a ƙauye da 'ya'ya biyu a haɗe, ba wanda ya sani, tana iya kwana biyu a durƙushe, mahaifa ta fashe, ko ta tashi da yoyon fitsari, in ma ta tashi. Idan kuwa an riga an haife su a ƙaramin asibiti, abin da ake bukata ga ma'aikacin wurin kaɗan ne: ya lulluɓe su kada sanyi ya kama su, ya tabbata suna samun nono ko ruwa, ya duba ko fitsari da bayan gida suna fita, ya kori 'yan kallo da masu ɗaukar hoto da waya, sa'an nan ya tura su babban asibiti tare da uwarsu.

A babban asibitin kuma ba a gaggawa sai dole. Dolen ita ce ɗaya ya mutu ko yana bakin mutuwa, ko hanji ya toshe. Likitocin asibitin yara na Great Ormond Street a Landan, waɗanda suka daɗe suna wannan aiki, sun ba da rahoton cewa cikin yaran da aka raba bayan cikakken shiri kusan takwas cikin goma sun rayu, amma cikin waɗanda aka raba da gaggawa ba su kai rabi ba. Saboda haka akan jira watanni, yaran su yi ƙwari, su ƙara nauyi. A cikin watannin nan ake ɗaukar hotuna, musamman da na'urar MRI wadda ke nuna laka da jijiyoyi, a kirga ƙodoji da mafitsara, a bi hanyoyin jini a ga yawan wanda ke tsallakawa daga wannan zuwa wancan. A wasu asibitoci akan ƙera siffar ƙashin da roba daga hotunan, likitoci su riƙe ta a hannu suna juyawa. Galibi akan fara da ƙaramar tiyata, a fito wa kowane yaro da bakin hanji ta gefen ciki, bayan gida ya riƙa zuba cikin 'yar jaka, don kada ƙazanta ta kusanci inda za a buɗe laka. Akan kuma cusa wasu balan-balan na roba ƙarƙashin fata, a riƙa ɗura musu ruwa kaɗan-kaɗan mako-mako har fatar ta miƙe, domin fatar da ta rufe baya guda ba za ta ishi baya biyu ba.

Ranar aikin, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akan yi rukuni biyu na masu ba da maganin barci, kowane da yaronsa, a sa wa kowane yaro da wayoyinsa da allurorinsa launi dabam, wannan ja wancan shuɗi, don kada a ruɗe. Maganin da aka ba ɗaya yana iya bin jini ya kwantar da ɗayan, sai an lura. Jini kuma abin tattali ne. Jaririn da ya kai kilo biyar jinin jikinsa duka bai wuce mililita 400 ba, watau bai cika ledar ruwan shan da kuke saya a bakin titi ba. Abin da babba zai zubar ya tashi ya kaɗe rigarsa, shi ne ajalin jariri.

Likitan ƙwaƙwalwa da laka shi ke da sa'o'i mafi nauyi. Yakan buɗe ƙashin, ya tsaga tantanin, ya duƙa a kan madubin ƙara girma. Sa'an nan ya ɗauki wani ɗan tsinke mai ɗauke da lantarki kaɗan, ya taɓa zaren jijiya guda, a duba ƙafar wa ta motsa, duburar wa ta tsuke. Wannan na Hassana ne, a kawar da shi dama. Wannan na Husaina ne, a kawar da shi hagu. Haka zai bi su ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda babu mai motsi, a nan zai yanka. Bayan haka dole ya ɗinke wa kowace tantaninta ƙam, ko ɗigo kada ya fita, domin in ruwan laka ya sami hanyar fita, ƙwayoyin cuta sun sami hanyar shiga, ƙarshenta sanƙarau. Daga nan likitan fiɗar yara ya karɓa, ya raba hanji da hanyar fitsari da al'aura. Idan naman da ke tsuke dubura guda ne, nan ma akwai hukunci mai wuya, ko a tsaga shi kowace ta sami rabi, ko a bar wa wadda jijiyarta ta fi ƙarfi a kansa. Irin wannan aiki yakan ci yini da dare. Na Eman da Sanchia Mowatt, waɗanda lakarsu ke haɗe, da aka yi a asibitin yara na Birmingham a watan Disamba 2001 suna da wata uku, ya ɗauki sa'a 16. Na Joshua da Jacob Spates a Memphis ta Amurka a 2011 ya ɗauki sa'a 13.

Washegari jaridu su buga hoton gadaje biyu, a yi ta barka, manya su zo su yi jawabi. A nan labarin ke ƙarewa a wajen jama'a. A wajen yaran da uwarsu kuwa, a ranar ne aikin ya soma.

Makonnin farko yaƙi ne da ciwon da ke baya. Wuri ne da ake kwanciya a kansa, ga shi kusa da fitsari, ɗinkin yakan buɗe, sai an yi ta wanki da sauya bandeji. In wannan ya wuce, akan koma tiyata a gina wa kowane yaro dubura a tsakiyar namanta, bisa hanyar da likita Alberto Peña ya fito da ita a farkon shekarun 1980, daga baya kuma a mayar da hanjin da aka fitar ta gefen ciki. Tiyata uku ko huɗu ke nan kafin yaro ya shekara biyu. Sai gashin ƙashi, domin yaron da ya yi watanni yana jingine da ɗan'uwansa bai san zama shi kaɗai ba, gadon bayansa sau da yawa a karkace yake, wata ƙafar kuma ta fi wata ƙarfi. 'Yan gidan Mowatt sun tashi suna tafiya, sun yi karatu, amma da rauni a ƙafa suka girma.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne maganar mafitsara, domin ita ce ke kisa a ɓoye. Mafitsarar da jijiyarta ta taɓu iri biyu ce. Wata ba ta riƙewa, fitsari na ɗiga dare da rana. Wata kuma ba ta saki, sai ta cika ta kumbura, fitsarin ya riƙa komawa sama yana danne ƙoda. Ta farkon ita ke damun iyaye saboda wari da wanki, amma ta biyun ita ce mugunya, domin yaro na wasa yana dariya ƙodarsa na lalacewa, ba a ankara sai ya shekara goma ko sha biyu, a lokacin kuma babu sauran magani sai wankin ƙoda ko dashe. Rigakafin kuwa mai arha ne ƙwarai. A 1972 wani likita a Jami'ar Michigan, Jack Lapides, ya nuna cewa in aka zura siririyar robar fitsari mai tsabta aka zubar da fitsarin duk bayan sa'a uku ko huɗu, aka cire robar, ƙoda za ta tsira. Ba a bukatar asibiti, ruwa da sabulu da hannu mai tsabta sun isa. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya koyo cikin 'yan kwanaki, yaron da ya kai shekarun firamare kuma yana iya yi wa kansa. Haka ma bayan gida: wanda ba ya iya riƙewa akan koya masa wanke hanji da ruwa sau ɗaya a rana a lokaci tsayayye, ya yini da wandonsa tsaf. Sai kuma a riƙa duba ƙodar da hoto a kai a kai, a kuma sa ido yayin da yaro ke tsawo, domin tabon tiyata na iya riƙe lakar ya ja ta. Alamarsa sabon ɗingishi, ko ciwon baya, ko yaron da ya daina jiƙa wando ya koma yi. 'Yan mata kuma sai an sake duba su idan sun fara al'ada.

Ku duba abin da wannan ke nufi a garuruwanmu. Yarinyar da ke warin fitsari ba ta zama a aji, ba don ta kasa karatu ba, sai don tsokanar yara da ƙyamar malami. A makarantar allo a ce ba ta da tsarki, alhali malaman Malikiyya sun daɗe da yin bayani cewa fitsarin da ya lazimci mutum ba da ikonsa ba uzuri ne, ba ya hana shi salla. In ta girma, maganar aure ta zama abin raɗa. Ga uwar da ta yi shekara a asibitin birni ta bar sauran 'ya'ya, ga uban da ya sayar da gona. In aka raba yara biyu aka sallame su cikin wannan hali ba tare da tanadi ba, an yi rabin aiki ne aka karɓi yabon cikakke.

Gwaninta kam muna da ita. Tun 1980 likitoci biyu na Jami'ar Ahmadu Bello, Mabogunje da Lawrie, suka wallafa nazari a kan tagwaye masu manne a Afirka ta Yamma. A watan Nuwamba 2019 ma'aikata 78 a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, ƙarƙashin Farfesa Emmanuel Ameh, suka raba wasu 'yan mata masu haɗe ta ƙirji da ciki. A Yola, Farfesa Auwal Abubakar da abokan aikinsa sun yi irin wannan aiki ba sau ɗaya ba. Wasu kuma waje ake kai su. A watan Oktoba 2023 aka ɗauki Hassana da Husaina daga Kano zuwa Riyad, waɗanda suka haɗa ƙasan ciki da ƙugu da ƙarshen gadon baya da jijiyoyinsa, aka raba su a ƙarshen Fabrairu 2024 ƙarƙashin Dakta Abdullah Al-Rabi'a, cikin shirin da Saudiyya ke gudanarwa tun 1990. Wannan alheri ne, Allah ya saka. Amma duk yaron da aka yi wa aiki a Riyad ko a Landan gida zai dawo, kuma shekaru goma sha biyar na duba ƙoda da sayen roba a nan za a yi su.

Wani mai lissafi a cikinku zai ce, don me za a kafa tsari saboda abin da ke zuwa sau ɗaya cikin haihuwa dubu ɗari, ga zazzaɓin cizon sauro na kashe yara kullum? Tambaya ce mai kyau, ga kuma amsarta. Kulawar da na zayyana ba ta tagwaye kaɗai ba ce. Ita ce dai ake bai wa yaron da aka haifa da buɗaɗɗen gadon baya, mai ƙullutu a tsatso, da wanda aka haifa babu dubura, wanda shi kaɗai ana samunsa kamar sau ɗaya cikin haihuwa 5,000. Waɗannan suna nan birjik a kowane asibitin koyarwa, ba mai ɗaukar hotonsu. Nas guda da aka horar ta koyar da iyaye mata zura roba, da ɗaki guda da za a riƙa ganin irin waɗannan yara rana ɗaya a mako, za su amfani ɗaruruwa, tagwayen su shiga cikin sahu.

Doka ma ta ba ku abin riƙewa. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu 2019, ta tabbatar musu haƙƙin ilimi, don haka shugaban makarantar da ya mayar da yarinya gida saboda larurar fitsari yana da tambayar da zai amsa. Abin da take bukata a makarantar bai wuce makewayi mai ƙofa, da buta, da sabulu, da izinin fita sau biyu kafin a tashi ba. Dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta tanadi asusu domin masu rauni. Ku da za ku riƙa rubuta kasafi, ku bincika ko robar fitsari da jakar hanji da hoton ƙoda suna cikin abin da asusun ke biya a jiharku. Gudummawar da babban mutum ke bayarwa ranar tiyata takan ƙare kafin a cire zaren ɗinki.

Sa'an nan takarda. Yaron da aka yi wa aiki yana wata shida, in ya dawo yana shekara tara da ɗingishi, likitan da ya yi aikin wataƙila ya yi ritaya ko ya bar ƙasar, fayil ɗin kuma gara ta ci. Sabon likita ba shi da hanyar sanin jijiyar da aka yanke da wadda aka bari. Ya kamata kowane yaro ya bar asibiti da nasa littafi, ba guda su biyu ba, a rubuta a ciki abin da aka tarar, da abin da aka yi, da girman robar da yake amfani da ita, da ranar da za a sake duba ƙodarsa, da sunan asibiti mafi kusa da garinsu wanda aka riga aka rubuta wa wasiƙa ya san da zuwansa. A rubuta da Turanci saboda likita, a kuma rubuta da Hausa, ko da ajami ne, saboda uwar.

Na ga shugaba yana duban agogo. Akwai batun yadda ake neman yardar iyaye kafin aiki, wanda na san 'yan sashen shari'a za su so a taɓa; sai mu ɗauke shi a lokacin tambayoyi.